Maigidana ya koma zama cikin ƙanƙara, ya ce yara ma su bi sahu

Assalamu alaikum Anti. Daga Zariya nake rubuto miki, kuma don Allah ki sakaya sunana. Shekararmu 14 da aure, 'ya'yanmu uku: babban namiji ne ɗan shekara 12, mai bi masa mace ce 'yar shekara 9 kuma tana da sikila, sai auta da bai cika uku ba. Maigidana ma'aikaci ne, shekararsa 46, yana da hawan jini, shekara huɗu ke nan yana kan magani.

Bara mahaifinsa ya rasu. Tun daga nan ya zama wani iri, ba fara'a, ba barci, abinci ma sai na yi da gaske. Ana cikin haka ya ci karo da bidiyon wani Bature a waya wanda ke shiga cikin ƙanƙara ya zauna. Ya fara da wanka da ruwan da ya kwana a waje. Daga baya ya samo rabin duro, yana sayo ƙanƙara ya zuba, bayan sallar asuba ya shiga ya zauna, yana wani irin jan numfashi yana riƙewa, wani lokaci har da nutsa kai. Ba zan ɗauki alhakinsa ba, ya canza. Yana dariya, yana barci, tumbinsa ma ya ragu.

Da hunturun nan ya shigo sai ya hana a ɗora wa babban ruwan zafi, wai kada ya tashi rago. Ya ce auta ma a fara saba masa. Mai sikilar ya ce ban da ita. To amma ita ce 'yar gaban goshinsa, kuma kullum tana ji yana ce wa yayanta "namijin duniya". Ran nan ta faki idona ta sheƙa wa kanta ruwan duron. Kafin azahar ƙafa da baya sun riƙe, kwana huɗu muka yi a asibiti. Tun da muka dawo bai ce uffan a kan maganar ba, kuma bai fasa shiga duronsa ba. Yanzu ma cewa yake zai ajiye maganin hawan jini tunda sanyi ya warkar da shi. Hajiyarsa kuwa ni ta ɗora wa laifi, ta ce wace irin mace ce za ta bari sanyi ya shige mijinta da 'ya'yanta. Ta ce in riƙa rufe tagogin ɗakin yara in kunna musu gawayi, kuma ina yi.

Anti, abin nan yana da amfani da gaske, ko wani abu ne ya taɓa shi? Ranar da aka sallame mu har na haɗa kayana. Me zan yi?

Wa alaikumus salam 'yar'uwata. Ya mai jiki? Allah ya ƙara mata sauƙi, ya jiƙan surukinki, ke kuma ya saka miki da wannan jinya. Wanda bai taɓa kwana zaune a gefen gadon yaro mai sikila ba, yana jin kukansa ba shi da abin yi sai shafa masa ƙafa, ba zai gane abin da ya sa kika haɗa kaya ba. Ni ban ga laifinki ba. Amma ki mayar da kayan cikin durowa tukuna, domin a wasiƙarki na hango abubuwa uku da za su iya kai mutum kabari a cikin satin nan, kuma in kika tafi babu mai tsayawa a kansu.

Na farko a hannunki yake, kuma yau nake so ki gyara shi: kaskon gawayin nan. Gawayi in yana ci a ɗakin da aka rufe yana fitar da wata iska da ba ta da wari ba ta da launi, tana shiga jini ta tare gurbin iskar da jiki ke rayuwa da ita. Mai barci ba ya jin komai, daga barcin sai a wuce. Kusan duk hunturu sai an ji labarin iyalin da aka wayi gari aka tarar a haka. Ga mai sikila kuwa abin ninki biyu ne, tunda ƙarancin iska a jini na cikin abubuwan da ke tayar mata da ciwo. Ki fitar da kaskon. Bargo, safa, hular sanyi da riga mai kauri sun isa, kuma a bar wata 'yar kafa da iska za ta riƙa shiga.

Na biyu duron ne kansa, ko da babu ƙanƙara a ciki. Kina da yaron da bai cika uku ba yana yawo a tsakar gida, yana kallon babansa yana shiga wannan abu kullum. Yaro mai wannan shekaru kansa na da nauyi in aka kwatanta da girman jikinsa, in ya leƙa ya sulluɓa da ka ba ya iya juyowa, kuma ba ya ihu. Ko dai a zubar da ruwan da zarar an gama a kife duron, ko a yi masa murfin da yaro ba zai iya ɗagawa ba. Wannan ba sai kin jira an yi zaman sulhu ba.

Na uku shi ne maganin hawan jini, kuma kafin in zo kansa bari in amsa tambayarki, don amsar ce za ta ba ki bakin yi masa magana. Ba abin da ya taɓa mijinki. Abin da ya tsinta yana da ƙamshin gaskiya, sai dai gaskiyar ba ta kai girman da masu bidiyo ke ba ta ba.

Baturen da kika kwatanta, in ban yi kuskure ba, Wim Hof ne, mutumin ƙasar Holan, wanda ya yi suna da zama cikin ƙanƙara kusan awa biyu. A shekarar 2014 likitocin Jami'ar Radboud a can Holan sun gwada mutum 12 da ya horar, aka yi musu allurar wani sinadarin ƙwayar cuta mai sa zazzaɓi, aka kwatanta su da wasu 12 da ba a horar ba. Waɗanda ya horar ba su jigata kamar sauran ba. Abin mamaki ne, amma ki lura: samari ne lafiyayyu, 'yan ƙalilan, kuma likitoci na tsaye a kansu. Binciken da ya fi kusa da rayuwar irinmu shi ne wanda aka buga a 2016, shi ma a Holan, da mutum 3,018. An ce wasu daga cikinsu su yi wankansu da ruwan ɗumi kamar kullum, sai a ƙarshe su juya zuwa ruwan sanyi na daƙiƙa 30, ko 60, ko 90, har tsawon wata guda. Masu yin haka fashin zuwa aiki saboda rashin lafiya ya ragu musu da kashi 29 cikin ɗari. Amma yawan kwanakin da suka ce ba su ji daɗin jikinsu ba bai bambanta da na sauran ba. Wato ba cutar ce ta gudu ba, kuzarin tashi a fita ne ya ƙaru. Abu biyu nake so ki riƙe daga nan. Mai daƙiƙa 90 bai fi mai daƙiƙa 30 cin riba ba. Sannan tun farko ba a ɗauki masu matsalar zuciya ko huhu mai tsanani ba, kuma babu yaro ko ɗaya a ciki, duk daga shekara 18 ne zuwa 65.

Walwalar da kika gani a fuskarsa ma tana da tushe. Wasu masu bincike a ƙasar Cek sun sa samari cikin ruwa mai sanyin digiri 14 na awa guda, suka tarar sinadaran da ke farkar da jiki da sa nishaɗi sun ninka sau da yawa a jininsu. Shi ya sa mutum ke fitowa daga ruwan sanyi idonsa tar, yana jin kamar zai ɗaga mota. Akwai kuma wani nau'in kitse mai duhu a wuya da kafaɗa wanda aikinsa ƙona mai don ɗumama jiki. Da ana zaton jarirai ne kawai ke da shi, sai a 2009 aka tabbatar manya ma suna da shi kuma sanyi na tayar da shi. A 2015 a birnin Maastricht na Holan an zaunar da masu ciwon suga takwas a ɗaki mai sanyin digiri 14 zuwa 15 na wasu awoyi kullum har kwana goma, jikinsu ya ƙara karɓar suga sosai. Ki lura da wannan ma, iska ce mai ɗan sanyi, ba ƙanƙara ba. Irin sanyin da Allah ke aiko wa Zariya kyauta ne a watan Janairu, lokacin da dare ke sauka ƙasa da digiri 15.

Duk cikin waɗannan babu wanda ya nuna ruwan sanyi na warkar da hawan jini. Abin da aka sani tabbas akasin haka ne. Daidai lokacin da jiki ya faɗa ruwa mai tsananin sanyi, jijiyoyin jinin fata suna tsukewa, numfashi ya fizge, zuciya ta hau gudu, jini ya yi sama nan take. Farfesa Mike Tipton na Jami'ar Portsmouth a Ingila ya shafe shekaru yana nazarin wannan mintin na farko, kuma shi ne mafi haɗari. Ruwa na zuƙe ɗumin jiki kusan sau 25 fiye da iska mai sanyi iri ɗaya, shi ya sa ba a haɗa tafiya masallaci cikin jaura da zama a duro. Abin da ya fi tayar mini da hankali a wasiƙarki shi ne nutsa kai da riƙe numfashi. Sanyin jiki yana ce wa zuciya ta yi sauri, ruwa a fuska tare da riƙe numfashi yana ce mata ta lafa. Umarni biyu masu karo da juna a lokaci guda na iya rikita bugunta. Jan numfashi da sauri kafin riƙewa kuma yana iya sumar da mutum ba tare da wata alama ba, kuma wanda ya suma a cikin ruwa ko a bokiti ne ya halaka. Shi kansa Baturen yana gargaɗin kada a yi wannan numfashin a cikin ruwa. Ƙungiyar likitocin zuciya ta Amurka ma ta ja kunnen masu matsalar zuciya game da wannan tsunduma a ƙarshen 2022.

To in ya ce ai ya auna jininsa ya ga ya sauka, kada ki ƙaryata shi. Mutumin da ya rage tumbi ya koma barci, jininsa na iya sauka. Amma awon da ya gani awo ne na wanda ke shan magani. Hawan jini ba ya sallama, mutum na jin garau ranar da ɓarin jikinsa zai shanye, ga shi kuma jini ya fi hawa a lokacin sanyi. Wasu magungunan ma in aka yanke su farat ɗaya jinin yakan dawo da ƙarfi fiye da da. Ba ina cewa har abada ba za a rage masa ba. Likitoci kan rage wa wanda ya rage ƙiba ya gyara cimarsa. Sai dai likitan da ya rubuta ne zai rage, yana kallon awo, ba mai bidiyo ba.

Yanzu bari mu bar likitanci mu kalli mutumin. Kin ce tun da kuka dawo bai ce uffan ba, kuma na fahimci wannan shirun ya fi yi miki ciwo fiye da kwana huɗun asibiti. Ni ba na jin rashin damuwa ne. Uba ne da ya ware wannan yarinyar da bakinsa ya ce ban da ita, ya san haɗarin, sai ga shi yabon da yake yi wa yayanta ne ya tura ta. Namijin Bahaushe da wuya ya buɗe baki ya ce "ni na jawo". Sai ya haɗiye, ya koma inda yake samun sauƙi, kuma inda yake samun sauƙi yanzu duron ne. Akwai abin da ƙila shi ma bai sani ba: Wim Hof ya sha faɗa cewa bayan mutuwar matarsa a 1995, ta bar shi da yara huɗu, ruwan sanyi ne wurin da tunani ke sake shi. Mijinki maraicin uba yake jinya. A cikin duron nan na 'yan mintoci babu abin da zai iya tunawa sai numfashinsa. In kika ce masa "ko ni ko duro", kin sa shi zaɓi tsakanin matarsa da abin da ya fito da shi daga rami, kuma ko ya zaɓe ki zai riƙe ki a zuci. Don haka ba raba shi da ruwan sanyi za mu yi ba. Rage shi za mu yi zuwa gwargwadon da zuciyarsa za ta ɗauka, mu kuma fitar da yara daga ciki.

Kuma yana da wata gaskiya da ya kamata ki ba shi. Tsoron da yake yi kada yara su tashi ba su san wahala ba, ba shirme ba ne. Jikin da bai taɓa jin yunwa ba, bai taɓa tafiyar ƙasa ba, daga mota sai kujera sai waya, yana lalacewa. Inda ya kauce shi ne ya manta yadda mu kanmu ake koya mana juriya. Azumi wahala ce mai lada mai amfani, amma an ɗauke wa yaro, an ɗauke wa mara lafiya. Yaro da rabin yini yake farawa, ana lallashi ana yaba masa, har ya kai. Ba wanda ke hana ɗan shekara uku abinci don ya saba. In mijinki mai son hujjar addini ne, zai iya kawo miki hadisin da ke cikin Muslim na falalar cika alwala a lokacin da rai ba ya so, kamar cikin sanyi. Gaskiya ne. Ke kuma ki tuna masa da Amr ɗan Asi, wanda janaba ta same shi a dare mai tsananin sanyi a yaƙin Zatus Salasil, ya ji tsoron halaka ya yi taimama ya ja sallah. Da aka kai maganar gaban Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, Amr ya kafa hujja da ayar da ta hana mutum kashe kansa, Annabi ya yi dariya bai ce masa komai ba. Wankan wajibi ke nan aka sassauta saboda sanyi, balle wankan ganin dama.

Game da babban, ba zan tsorata ki ba. Lafiyayyen yaro ɗan shekara 12 ba zai lalace don ya watsa ruwan sanyi ba, kuma ciwon huhu ƙwayoyin cuta ne ke kawo shi, ba ruwa ne ke ratsa ƙirji ya shiga ba. Amma dole ba ta haifar da jarumta. Ki tambayi duk wanda ya yi makarantar kwana: ruwan sanyin asuba bai mayar da kowa zaki ba, da yawa dabarar wanke fuska da ƙafa kawai suka koya, har ƙazuwa ta kama su. A mayar masa da ruwan ɗuminsa. In shi da kansa yana son bin babansa, ya yi wankansa da ɗumi ya rufe da kofi ɗaya ko biyu na ruwan sanyi, ya goge jiki maza, ya shafa mai, ya sa riga. Ranar da ba makaranta ya bari sai hantsi. Ranar da yake mura ko zazzaɓi, babu. Ki kuma keɓe ki tambaye shi abin da yake so, domin yaro na iya daure abin da ya tsana shekara guda don kada a janye masa "namijin duniya". Auta kuwa babu ciniki. Linzami ya fi ƙarfin bakin kaza. Ƙaramin jiki na zubar da ɗumi da sauri fiye da na babba, kuma ba zai iya ce miki ya kai maƙura ba.

Yarinyar ce ta fi tsaya mini a rai. Ta san ruwan zai cutar da ita, mai sikila 'yar shekara tara ta riga ta san jikinta. Ta yi ne don tana son abin da ake ba yayanta. In ba a toshe wannan ƙofar ba, gobe ba ruwa ba ne, gudu ne ko azumin da ba a sa ta ba. Ki zauna da ita ba tare da faɗa ba, ki bayyana mata da harshen da za ta gane: sanyi na tsuke hanyoyin jini, ƙwayoyin jininta kuma in suka lanƙwashe kamar lauje sai su maƙale a hanyar da ta tsuke, daga nan ciwon ke tashi. Iskar hunturu kuma na busar da jiki ba tare da mutum ya ji ƙishi ba, saboda haka ruwan sha ya zama abokinta, da magungunanta na kullum, da zuwa asibiti ranar da aka ba ta. Amma maganar da za ta warkar da ita ba daga bakinki za ta fito ba. Babanta ne zai ce mata ciwon da ta daure kwana huɗu ya fi ƙanƙararsa nesa ba kusa ba, kuma a gidan nan ba wanda ya kai ta jarumta. Ga wata dabara da za ta yi muku aiki biyu. Ku sayi na'urar awon jini ta gida, irin ta dantse, ku ba ta littafi da biro. Safe da yamma Abba ya zauna ya huta minti biyar ya auna, ita ta rubuta lambobin da kwanan wata. Ta zama likitar Abba. Ta samu matsayinta a wajensa ba tare da ta taɓa ruwa ba, shi kuma da wuya ya kalli idonta ya ce yau ba zai sha magani ba.

Yadda za ki buɗe maganar: ba da asuba yana ɗiga ruwa ba, ba a gaban yara ba, ba kuma da "ka ga abin da ka jawo" ba, ko da kuwa ita ce a kan harshenki. Ki bari dare ya yi, ya ci ya natsu. Ki fara da abin da kika faɗa mini, wanda na tabbata ba ki taɓa faɗa masa ba, cewa kin ga ya dawo muku bayan rasuwar Baba kuma kin gode wa Allah. Ki ce masa, "Abban yara, ba cewa nake ka daina ba. Tsoro nake ji kada in rasa ka kamar yadda Hajiya ta rasa Baba." Sannan ki roƙi abubuwanki a fili: kada ya taɓa maganinsa sai kun je wurin likita tare da littafin awo na sati biyu, ya faɗa wa likitan gaskiyar abin da yake yi da asuba, kuma kafin ranar ya ajiye ƙanƙara da nutsa kai da riƙe numfashi. In likita ya ga jinin ya daidaita ya yarje masa, to ya koma yadda aka yi a binciken nan na Holan, wanka da ɗumi a rufe da sanyi na rabin minti zuwa minti ɗaya, a fara daga ƙafa da hannu kafin ƙirji. Kuɗin ƙanƙara ma ya huta. Numfashin in yana so ya yi shi a zaune a kan tabarma, nesa da ruwa, shi ma bayan ya tambayi likita. In kuma wahalar ce yake nema, ga ta nan birjik wadda zuciya ke maraba da ita: tafiyar ƙafa mai sauri ta rabin awa, shi da babban su riƙa zagayawa bayan la'asar, hawan keke, 'yar gona a bayan gida, azumin Litinin da Alhamis in likita ya daidaita masa lokacin magani. Ki rage gishiri da dunƙule a miya, wannan ita ce wahalar da maza ba sa so, kuma ta fi duro sauke jini.

Hajiya kuma ki yi mata uzuri. Ta binne miji bara, yanzu tana jin ɗanta na zama cikin ƙanƙara, kuma ba za ta iya yi masa faɗa yadda take so ba, sai ta sauke a kanki. Ta tashi a zamanin da kusan kowace cuta sanyi ake ɗora wa, shi ya sa ake gasa mai jego da tafasasshen ruwa da kunun kanwa kwana arba'in. A nan Zariyarku ne, a shekarun 1970, likitocin asibitin Jami'ar Ahmadu Bello suka lura da yawan ciwon zuciya a tsakanin masu jego suka danganta shi da wannan zafin da kanwar. Ɗanta ya wuce gona da iri ta ɓangaren sanyi, al'adarmu ta daɗe tana wucewa ta ɓangaren zafi. Kada ki yi musu da ita a kan gawayi. Ki ce likitan yarinya ya hana, kuma in kin tambaye shi zai hana ɗin. Sannan ki jawo ta jikinki a kan maganar magani, domin "Hajiya, cewa yake zai daina shan maganinsa" magana ce da za ta sa ta kira shi a daren.

In kin yi duk wannan ya toshe kunne, kada ki tsaya ke kaɗai. Ki nemi wanda yake jin nauyinsa, wansa ko amininsa ko limamin da yake ganin girmansa, ki kuma roƙi likitan yarinyar ya yi masa magana ranar da za ku koma, domin maza kan ji daga bakin likita abin da suka ƙi ji daga bakin matansu. Ruwan ɗumin yarinya da na auta kuwa ki ci gaba da ɗorawa, wannan haƙƙinsu ne, ba rashin biyayya ba ne. In ya kai ga tilasta wa ƙananan shiga ruwan, to a nan manyanki da nasa za su shigo, kuma in kin ɗauke su zuwa gida na ɗan lokaci ba wanda zai zarge ki. Ban ga alamar zai kai haka ba, tunda shi ya fara cewa ban da ita.

Ki sa ido a kan wasu alamu. Ciwon ƙirji, ciwon kai mai tsanani na farat ɗaya, karkacewar baki, nauyin hannu ko ƙafa, harɗewar magana: asibiti nan take, ba jiƙe-jiƙe, ba jiran gari ya waye. In kuma ya rage ruwan sai kika ga rashin barcin da shirun nan na bara sun dawo, ko ya fara maganar gajiya da duniya, to baƙin cikin ne bai warke ba, ruwan ya danne shi ne kawai. Akwai likitocin wannan fanni a asibitin koyarwa na Shika, akwai kuma asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa, Kaduna, kuma zuwa wurinsu ba hauka ba ne.

Ke ma ki samu wadda za ta karɓe ki ko na yini ɗaya ki yi barci, kwana huɗu a kujerar asibiti ba wasa ba ne. Ki gaishe mini da likitar Abba, ki ce mata ina jiran lambobin sati biyun farko, kuma ta rubuta su da kyau don likita zai duba.